Su Suna Sauke Ta Ƙasa, Mu Muna Ɗaga Ta Sama: Tarihin Gyaran Motar Japan A Hanyar Gumel Zuwa Maigatari

A wannan makon layi ya zo kaina, na kuma zaɓi mu ɗan ajiye zancen ƙa'idojin rubutu da yadda ake buɗe labari, mu leƙa gareji. Wanda ya ga kamar na yi nisa da adabi ya yi mini haƙuri, ya biyo ni zuwa ƙarshe, zai ga inda zaren ya ɗaure.

Wata ranar Laraba da la'asar ina zaune a garejin kawuna a Gumel. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san Laraba ranar aiki ce ga kanikawa, domin washegari Alhamis kasuwar Maigatari ke ci, kowane direba yana son motarsa ta kwana da lafiya. Kawu yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota, yana ƙara mata falle ɗaya na sufirin a ƙafar baya. Sai ƙanena ya miƙo mini waya, ya ce in kalli wani bidiyo. Tsohuwar motar tsere ce ta Japan, cikinta kamar zai shafi kwalta, tayoyin gaba sun karkace har kamar za su kalli gefe, tana shan kwana a kaikaice, hayaƙi na tashi. Na miƙa wa Kawu, ya goge hannu ya duba, ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai ko kwalbatin ƙofar garejin nan ba za ta haura ba. Wa ya lalata musu mota haka?"

Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Mutumin cikin bidiyo da Kawu, wuri biyu suke taɓawa a jikin mota, ƙafa da sitiyari. Shi ya sauke tasa ƙasa don nishaɗi, Kawu yana ɗaga wannan sama don neman abinci. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, tsohuwar motar Japan da ke bin hanyar Gumel, Gagarawa, Sule Tankarkar da Maigatari, sau biyu ake ƙera ta. Ƙira ta farko a masana'anta, ta biyu a gareji irin na Kawu. Ita ƙira ta biyun tana da tarihi, kuma tarihin namu ne.

HANYA TA RIGA MOTA

Tun kafin a san mota, Gumel gari ne na fatauci. A 1851 Bajamushen nan mai yawon ganin ƙasa, Heinrich Barth, ya ratsa ta Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma tarar da ita babbar kasuwar kanwa. Jakuna da takarkarai da raƙuma ne ke ɗaukar kayan. A 1903 Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a ƙasar, a farkon ƙarni na 20 ɗin nan kuma su da Faransa suka shata iyakar da ta bar Maigatari a bakin Nijeriya, Dungas da sauran ƙasar Damagaram suka faɗa ɓangaren Faransa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1930 aka kai layin dogo Nguru, ya ratsa ta Gagarawa, shi ya sa har yau muke da Gagarawa Tasha da Gagarawa Gari. Jirgi kuwa ba ya shiga gona. Dole wani abu ya kwaso gyaɗa daga ƙauyuka ya kawo ta tasha, wannan aikin ne manyan motoci suka riƙa karɓa daga hannun jakuna sannu a hankali.

A nan ne ƙasa ta fara gindaya wa mota sharaɗi. Sunan jiharmu kansa, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991, bayanin ƙasar ne, jigawa, wato tudun yashi. Da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Sule Tankarkar ko na Gagarawa, da rani rairayi ne mai riƙe taya, da damina kuma kududdufi da zaizayar ruwa. Sawun manyan motoci kan bar tudu a tsakiyar hanya, motar da cikinta ke kusa da ƙasa sai ta hau tudun ta zauna, tayoyi na juyawa a banza. Ga kuma kaya: buhunan riɗi, zoɓo, gero, wake, da awaki da tumaki na ranar Alhamis. Hanya da kaya, su biyun nan ne suka koya wa kanikawanmu abin da za su yi wa kowace mota da ta shigo hannunsu.

MECE CE ƘAFAR MOTA?

Bari in ɗan yi bayani don waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba. Idan bakanike ya ce ƙafa, ba taya kaɗai yake nufi ba, yana nufin duk abin da ya haɗa taya da gangar jikin mota. Manyan abubuwa biyu ne a ciki. Na farko sufirin, shi ke ɗauke da nauyi. Akwai murɗaɗɗe mai kama da naɗin igiya, wanda ake samu a ƙananan motoci, akwai kuma na falle-fallen ƙarfe da aka jera aka ɗaure, wanda ake samu a bayan a-kori-kura da manyan motoci. Na biyu shokazoba, aikinta ta kwantar da sufirin bayan an faɗa rami, don kada mota ta yi ta tsalle kamar ƙwallo.

Sitiyari kuma yana haɗe da tayoyin gaba ta wata sanda da ta gangara zuwa rak ko akwatin sitiyari, daga nan tayarod biyu su miƙa zuwa tayoyi. Injiniyan da ya zana mota ya auna duk waɗannan tare. Tsawon ƙafa, nauyin kaya, ƙarfin birki da kusurwar da taya ke tsayawa, lissafi ɗaya ne. Shi ya sa wanda ya taɓa ɗaya, ko ya sani ko bai sani ba, ya taɓa sauran.

YADDA MOTAR JAPAN TA YI SUNA A AFIRKA

Abin da ƙanena bai sani ba, ni ma sai da na bi diddigi na gane, shi ne motar tseren Japan ba a sauke ta fara yin suna a duniya ba. A ɗage ta yi suna, kuma a Afirka.

A 1953 aka fara gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka, ana ratsa Kenya da Yuganda da Tanganyika, tafiyar dubban kilomita a kan burji da laka da duwatsu. Peugeot 404 ta Faransa ta ci gasar a 1963, 1966, 1967 da 1968. Sai ga mutanen Japan. A 1970 Edgar Herrmann ya ci gasar da Datsun 1600SSS. A ƙarshen 1969 kamfanin Nissan ya fito da Datsun 240Z, wadda a Japan ake kira Fairlady Z, mota mai kujera 2, injin silinda 6, doguwar gaba, wadda aka yi don santsin titi. Da za a kawo ta Safari, sai da aka ɗaga mata ƙafa, aka ƙarfafa shokazoba, aka lulluɓe mata ciki da faifan ƙarfe don kada dutse ya fasa tukunyar injin. Da ita Herrmann ya sake cin gasar a 1971, Shekhar Mehta, haifaffen Yuganda, ya ci da ita a 1973. Joginder Singh ya ci da Mitsubishi Lancer a 1974 da 1976. Toyota Celica kuma ta ci a 1984, 1985 da 1986 a jere. Wato abin da Kawu yake yi ranar Laraba, manyan kamfanonin Japan sun yi shi da kansu a lokacin da suke neman duniya ta yarda da motocinsu.

Sauke mota ƙasa reshe ne na daban, kuma a can gida Japan ya bunƙasa. A 1983 Toyota ta fito da wata ƙaramar Corolla mai lamba AE86, marar nauyi, wadda tayoyin baya ke tura ta, aka daina ƙera ta a 1987. Matasa suka riƙa hawa da ita tsaunuka da dare suna shan kwana a kaikaice, wani direba mai suna Keiichi Tsuchiya ya yi fice a wannan salon har ya zama wasa mai zaman kansa. Masu wannan wasa suna gajarta sufirin su sa mai tauri, domin idan nauyin mota ya matso ƙasa ba ta kwanciya gefe a kwana. Suna kuma canza ƙarafan da tayarod ke kamawa don taya ta iya karkacewa fiye da yadda aka yi ta. Duk wannan yana aiki ne a titi mai santsi kamar faranti. A kawo motar nan hanyar wani ƙauye a Sule Tankarkar, jaki ne zai ja ta ya fitar.

A yankinmu na Sahel kuwa, motar Japan da ta fi shiga zukata ba ta tsere ba ce. Toyota Hilux ce, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da yayarta Land Cruiser. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki na Libiya da irin waɗannan motoci a cikin hamada, har aka sa wa yaƙin suna Yaƙin Toyota. Labari irin wannan ba ya buƙatar talla kafin ya iso tashar mota.

CANJIN HANNU NA 1972

Yanzu mu dawo kan sitiyari, domin a nan ne Maigatari ke da labarin da garuruwan cikin ƙasa ba su da shi. Ingila ta bar mana tuƙi a hannun hagu na titi, da sitiyari a dama. Faransa ta bar wa Nijar tuƙi a hannun dama, da sitiyari a hagu. To ka ga direban da ya taso daga Gumel zai shiga ƙasar Damagaram kafin 1972, yana tsallaka iyaka dole ya koma ɗaya gefen hanya, idan ya dawo ya sake canzawa. Mutane ɗaya, harshe ɗaya, dangi a kowane ɓangare, amma hannu biyu.

Ranar 2 ga Afrilu 1972, a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saliyo ta riga mu a 1971, Ghana ta biyo baya a 1974. Babban dalili shi ne maƙwabta, domin Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomi, wadda yanzu ake kira Benin, duk a dama suke tuƙi. Wata 9 bayan haka, ranar 1 ga Janairu 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Canjin hannu da canjin kuɗi suka zo kusan a tare, shi ya sa sau da yawa za ka ji dattijo ya haɗa su idan yana lissafin shekaru.

Canjin ya sauƙaƙa wa direban iyaka, amma ya ɗaura wani ƙulli da ba a gani ba a lokacin. Japan a hannun hagu take tuƙi, har gobe. Motar da aka ƙera don a hau a cikin Japan sitiyarinta a dama yake. Daga 1972 ke nan, duk motar da ta yi rayuwarta ta farko a titunan Japan, idan ta iso nan a juye take.

ZAMANIN PEUGEOT DA ABIN DA YA KAWAR DA SHI

Wannan ƙulli bai dami kowa ba da farko, saboda sababbin motoci ake saye. Kuɗin man fetur ya shigo, a 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, a shekarar kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Datsun da Toyota da ake kawowa a lokacin sababbi ne, an ƙera su da sitiyari a hagu don kasuwa irin tamu. Amma sarauniyar hanya ita ce Peugeot 504, wadda bakinmu ya mayar Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, a Kaduna kuwa ba a daina haɗa ta ba sai 2006. Sirrinta yana ƙafa. Tana da sufirin mai laushi da doguwar tafiya, doguwar 504 ta fasinja ma murɗaɗɗen sufirin 4 gare ta a baya, biyu a kowane gefe. A kan Fijo ne kanikawa da yawa na tsarar Kawu suka buɗe ido, a kanta suka koyi yadda ake ɗaga bayan mota har ta riƙa tafiya kamar mai ruku'u idan babu kaya, ta daidaita idan an loda ta.

A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, aka saki naira, darajarta ta faɗi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da direban tasha. Sai aka koma kan na hannu daga waje, waɗanda muke kira Kwatano ko Beljiyam. Sunayen biyu taswira ce: a Beljiyam ake tara tsofaffin motocin Turai a loda su a jirgin ruwa, a Kwatano ta ƙasar Benin ake sauke su. Da yawa daga ciki takardunsu na nuna Nijar za su, su haura arewa, daga baya su gangaro Nijeriya ta iyakokin Arewa. A wannan zamani ne Corolla da Carina da Starlet da Nissan Sunny da ƙananan bas na Nissan da Toyota suka cika tashoshinmu, Mitsubishi Canter kuma, wadda muke kira Kanta, ta shiga harkar dabbobi da buhuna. Daga baya Golf da Sharon na Jamus suka ƙwace babban kaso na fasinja a Jigawa, su ma kuma ba su tsira daga ɗagin ƙafa ba.

JUYIN SITIYARI

Motar Japan da ta biyo ta Turai ko Amurka ba ta da matsala, sitiyarinta a hagu yake tun asali. Wadda ta fito daga Japan kai tsaye, ko ta biyo ta Dubai, ita ce mai magana. A Japan sabuwar mota tana zuwa binciken gwamnati bayan shekara 3, daga nan kuma duk bayan shekara 2, binciken yana da tsada, don haka mutane kan rabu da mota tun tana da sauran ƙarfi. Irin wannan mota tana da tsafta, ba ta yi tafiya mai yawa ba, ga araha. Sai dai dokokin hanya na Nijeriya sun hana amfani da mota mai sitiyari a dama, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi a kai. Mafita ita ce a juya.

Wanda bai sani ba zai ɗauka ciro sitiyari ne daga nan a dasa can. Aikin ya wuce haka nesa. Dole a canza rak ɗin gaba ɗaya a sa na hagu. Dole a matsar da totur da birki da kuloci, da famfon birkin da ke bayansu, a huda bangon da ya raba injin da direba a sabon wuri, a toshe tsohon. Dole a canza dashbod, a ja wayoyi. Waifa ma an saita ta ne ta fi share gaban direba, fitilun gaba kuma an karkatar da haskensu don kada su kashe idon mai tahowa, to idan ba a canza su ba, a titinmu idon mai tahowar suke haskawa. Bas ɗin da aka yi don Japan kuwa ƙofar fasinjanta a hagu take, wato a nan cikin titi take zubar da mutane, sai an yanka sabuwa a dama.

Idan an yi aikin da kayan motar hagu irinta, a hannun wanda ya sani, mota na iya shekaru lafiya. Idan aka yi na araha, a nan ake yanka a haɗa da walda. Na ga wannan da idona. Ina makarantar foliteknik, na taso hutu, na shiga wata ƙaramar bas daga Gagarawa zuwa Gumel. Muna cikin tafiya sai na ga direba yana murza sitiyari, mota kuma ba ta amsa ba. Salati ya kaure. Allah Ya taimake mu ba gudu yake ba, motar ta sauka daga titi ta shiga gonar gero, yashi ya riƙe ta. Wata tsohuwa da ke gefena ta karye a hannu, saura muka fita da ƙurjewa. Da aka jawo motar, Kawu na cikin waɗanda suka duba. Sandar sitiyari ce aka yanke lokacin juyi, aka ƙara mata guntun ƙarfe, aka ɗinke da walda, waldar ce ta saki. Direban bai ma san juyayyiya ba ce, a haka mai motar ya saye ta, a haka ya ba shi makulli.

RIBAR ƊAGI DA KUƊINSA

Ɗagin ƙafa ya fi juyin sitiyari yawa, domin kusan kowace motar haya ta ƙauye an taɓa ta. Hanyoyin sanannu ne. A a-kori-kura ana ƙara falle ɗaya ko biyu na sufirin. A ƙaramar mota ana cire murɗaɗɗen sufirin nata a sa na wadda ta fi ta nauyi, ko a ɗora zoben ƙarfe ko na roba a kansa, a kuma sa taya mai tsawo. Ribar a fili take. Motar da aka yi don mutum 5 da jakunkunansu sai ta ɗauki fasinja da buhuna da akuya a but, ta ratsa yashi ba ta zauna ba. Ba don wannan dabara ba, ƙauyuka da yawa da ba su ga motar haya ba, mai naƙuda da ba ta isa asibitin Gumel a kan lokaci ba, riɗi da bai isa Maigatari ranar Alhamis ba.

Amma kowane ɗagi yana da kuɗinsa, kuma ba a gareji kaɗai ake biya ba. Idan mota ta ɗagu, nauyinta ya yi sama, ga kuma kaya a kan rufi, to kwana kaɗan ko kaucewa rami cikin gaggawa na iya kifar da ita. Kusurwar tayoyi tana canzawa, idan ba a sake saitin taya ba sai ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya har ta fashe. Shaf da bol-joyin suna aiki a karkace, su gaji da wuri. Mafi haɗari shi ne birki. Sufirin ya ƙaru, mota ta daina nuna alamar an yi mata lodi fiye da kima, birki kuwa yana nan yadda masana'anta ta yi shi don rabin wannan nauyin. Sufirin na asali idan ya durƙushe gargaɗi yake yi wa direba. Wanda ya ƙara falle ya toshe bakin mai gargaɗin.

Abubuwan da suka faru a iyaka a 'yan shekarun nan sun ƙara wa kanikawa aiki. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A Agusta 2019 aka rufe iyakokin, sai ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe guda 4, Maigatari na ciki, tare da Illela da Seme da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, aka buɗe a Maris 2024. Ga faɗuwar naira a kai. Duk lokacin da sayen wata motar ya yi wuya, tsohuwar ce ake mayarwa gareji, a sake ɗaga ta, a sake ɗinke ta. Motar da a Japan ko Turai da tuni an narkar da ita, a nan tana tsakiyar aiki. Wani abin mamaki, a daidai lokacin nan masu kuɗi a Amurka da Turai suna rububin tsofaffin 240Z da AE86 suna adana su kamar zinariya.

INA RUWAN MARUBUCI?

To, 'yan uwa, ga inda zaren ya ɗaure. Mu duba labaran da muke turowa a wannan zaure. Mota tana shigowa ne kawai don a nuna saurayi ɗan gidan masu kuɗi ne: ya faka wata dalleliyar mota, ya fito yana kaɗa makulli. Idan marubuci ya rasa yadda zai kashe iyayen jaruma, sai ya haɗa haɗarin mota a layi biyu, birki ya tsinke, shi ke nan. Direba ba shi da suna, bakanike ba ya ma fitowa. Alhali a tsakanin mai mota da ke son a ƙara falle don ya biya bashi, da bakaniken da ya san birkin ba zai ɗauka ba amma yana da iyali, da direban da idan ya ƙi lodi za a karɓe makulli, da fasinjan da ba ta da wata motar sai wannan, akwai littafi sukutum, kuma babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Irin wannan rikicin ne ke riƙe mai karatu, domin ya san shi, ya zauna a cikinsa ranar kasuwa.

Akwai kuma gaggawa. Direban da yake ɗan shekara 20 a ranar canjin hannu, yau ya haura 70. Suna nan a tashoshin Gumel da Maigatari, wasu sun zama 'yan kamasho, wasu suna zaune a ƙofar gida. Su ne suka san yadda aka kwana ranar 1 ga Afrilu 1972 aka tashi a wani hannun, su ne suka san wace mota ce ta fara iya shiga ƙauyensu da damina, da wanda ya koya wa wane aiki. Idan suka tafi da shi, ya tafi.

Shawarata ga duk mai son gwada hannunsa a wannan makon: ka sami tsohon direba ko bakanike a garinku, ka gaishe shi da ladabi, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya. Ka tambaye shi motar da ya fara tuƙawa ko gyarawa, da abin da ya canza a jikinta, da dalilin canzawar. Ka rubuta sunayen kayan aiki yadda bakinsa ya faɗa, kada ka gyara masa zuwa Turanci. 'Yan uwa mata kuma, a cikin dangi ba a rasa kawu ko baba direba, a tsakar gida ma ana samun labarin. Abin da aka samo a kawo nan mu karanta tare, mu gyara wa juna.

Ni dai na fara da nawa kawun. Da na karanta masa wannan rubutu kafin in turo, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Duk ka yi daidai, ɗan nan, amma ka manta ka gaya musu su daina zama a kan buhu a bayan a-kori-kura." To, ga shi na faɗa.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kansu, Ya sa albarka a sana'ar kowa. Wanda ya ga kuskure a abin da na kawo ya gyara mini, musamman 'yan ƙasar Gumel da suka fi ni sanin tasha. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.